Albam ɗin Husam da Jana'izata

Ana ta ba da wannan labari a wuraren shan shayi na unguwarmu, Arba wa Nus, kowa yana ƙara nasa, har an kai ga cewa wai na fito daga cikin akwati ina rera waƙa. Ƙarya ne. Ni Ustaz Ya'ƙub, na koyar da lissafi a makarantun Sinja, can Sudan, har na yi ritaya, kuma ban taɓa karɓar amsar da ba a nuna mini yadda aka kai gare ta ba. Ga yadda aka yi, daki-daki. A ƙarshe ina da buƙata a wurin jama'ar unguwa.

Yaƙi ne ya kawo mu Alƙahira, ni da 'yata Awadiyya. Bayan yawon neman wurin zama da ba na son tunawa, muka sami shagga, wato sashen haya, mai ɗaki biyu a gidan Hajj Osama, Bamisre mai kiwon tattabaru a kan rufi, wanda shi ma yake zaune a hawa na sama. Sharaɗinsa guda ne, ba ya son hayaniya. Duk wanda ya san yadda baƙo yake samun ɗaki a garin nan ya san darajar wannan shagga a wurinmu. Ko tari zan yi, sai na rufe taga.

Muna zaune lafiya sai ga Husam, ɗan ƙanwata, da jaka a hannu da jita a baya.

"Kawu, ka yi sa'a," in ji shi, tun yana bakin ƙofa. "Yau tarihi ya sauka a gidanka."

"To tarihin ya cire takalmi."

Kafin ya gama shan shayi ya zayyana mini shirinsa. Zai kafa ƙungiyar kiɗa mai suna Zakarun Nilu. Za su fitar da albam na rokabili, wato kiɗan Amurkawa na zamanin kakanninsu, wanda ake yi da jita da wani ƙaton goge da ake tsayarwa a ƙasa ana marinsa da tafin hannu. Zai kuma gauraya shi da wani salo da ya kira niyu-wef, na fiyano mai lantarki, baƙaƙen kaya da murtuke fuska.

"Wa ya roƙe ka wannan haɗi?" na tambaye shi.

"Ba kowa, Kawu. Shi ya sa ba wanda ya riga ni."

"Ba wanda ya riga ka zuba sukari a miyar kuɓewa ma."

"Haka aka ce wa duk manyan mawaƙa."

Ya samo abokan tafiya biyu. Akwai Mu'tasim, mai gyaran waya a kasuwar Ataba, wanda yake da fiyano mai batir da wasu haƙoransa suka zube. Akwai kuma Sagiru, ɗan Kano mai karatu a Azhar, wanda ya yarda ya buga ganga bisa sharaɗin kada a rubuta sunansa, kada fuskarsa ta fito a hoto, domin mahaifinsa ya san shi da haddar littattafan fiƙihu ne kawai.

Husam ya ce rokabili daga kai yake farawa. Sai gashi ya tsaya a gaba kamar zankon zakara, yana ƙyalli. Ya shiga ɗakin Awadiyya ya ɗauko kwalbar karkar, man gashin nan na matanmu da ake haɗawa da kitsen rago, ya juye ta kaf a kansa. Ya fita ɗaukar hoton albam da tsakar rana. Kafin ya kai kwanar titi zankon ya karkace, man yana bin bayan kunnensa, ƙudaje sun yi masa rakiya, wata kyanwa ta baro shagon mahauci ta bi shi.

"Ya ibni, wa ya kifa maka tukunya a ka?" in ji matar da ke sayar da burodi.

"Salo ne, ya Hajja."

"Ma'alish. Allah ya ba ka lafiya."

Da ya dawo Awadiyya na jiransa da kwalbar a hannu.

"Wanda na ajiye don bikin ƙawata Amani ne, Husam!"

"Za a sa sunanki a cikin godiya."

"Sa shi a goshinka, ya fi samun wurin maƙalewa."

Gwajin kiɗa na farko a falona aka yi shi, bayan la'asar, ina can masallaci. Na dawo na tarar da Hajj Osama a ƙofata, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Ya Ustaz, injin niƙa ka kafa mini a gida?"

Na ba shi haƙuri. Shekaruna nawa ina hana yara surutu, ranar ce aka fara tsayar da ni a ƙofa saboda hayaniya. Na ja kunnen Husam. Ya ce tamam, ya gane, kuskurensa shi ne yin kiɗa a ƙasa, sama ba ta da maƙwabta.

Sama tana da tattabaru. Masu kiwonsu a garin nan suna sakinsu da yamma su yi shawagi, kuma wanda tsuntsunsa ya sauka a rufin wani, ya zama na wancan, ba ƙara ba shari'a. Zakarun Nilu suka hau rufi da kayansu, tattabaru suna cikin shawagi Mu'tasim ya danna wani maɓalli da ya ba da kuka irin na motar asibiti, Sagiru ya biyo da ganga. Garken ya watse, rabinsa ya sauka a rufin abokin gasar Hajj Osama, wanda ya tsaya yana ɗaga masa hannu yana godiya.

Wannan karon Hajj Osama bai yi ihu ba. Ya sa yatsa a ƙirjina ya ce, "Wallahi, ya Ustaz, idan na sake jin kiɗa, ko na ga ko da usur ya shiga gidan nan ko ya fita, kayanku a titi za su kwana. Khalas, magana ta ƙare."

Mai hankali da nan ya tsaya. Husam ya jira har Hajj Osama ya tafi ƙauyensu. Ya ce rokabili ba ya yiwuwa sai da amsa-kuwwa, kuma ya gano inda take, wato manwar, ramin iskar nan na tsakiyar gini inda tagogin kicin da na banɗaki suke buɗewa. Ya dira ciki ta tagar kicin ɗinmu, Mu'tasim ya zuro masa waya da igiya don ɗaukar murya. Ya buɗe baki ya ja baitin farko, sai ruwan wankin kifi ya sauko masa daga hawa na huɗu.

"Na gaba tafasasshe ne!" in ji wata murya daga sama.

Ya hauro yana ɗiga, ɓawon kifi a zanko, ya saurari abin da aka ɗauka. Ana jin kwararar ruwan, ana jin matar, ana jin mai sayar da gas yana buga tukunyarsa a titi.

"Kada ka goge komai," ya ce wa Mu'tasim. "Wannan shi ne niyu-wef ɗin."

Saura ƙaton goge. Ya je shagunan kayan kiɗa da ke kusa da Ataba, da aka faɗa masa kuɗinsa sai ya ce katakon bai yi masa ba. Ya dawo unguwa wurin wani kafinta mai yin ƙofofi, ya nuna masa hoto a waya. Kafinta ya ce duk waɗannan lanƙwashe-lanƙwashen ɓarnar katako ne. Ya haɗa masa akwati miƙaƙƙe, tsawon mutum, da ɗan wuya a gefe ɗaya, ya ɗaura masa wayoyin birkin keke a matsayin tsirkiya. Aka shigo da shi tun mai gida bai dawo ba, aka jingine a bayan gadona.

Ban iya hanawa ba, domin a lokacin zazzaɓi da mura sun kwantar da ni. Kwana da kwanaki ban je masallaci ba, maƙwabta suna ta tambayar Awadiyya jikina. A riƙe wannan, yana da muhimmanci.

Ranar Juma'a aka sa za a ƙaddamar da albam, a gidan shayin Sudaniyawa da ke ƙarshen unguwa, kafin la'asar. A safiyar na ji ƙarfi, na fita da sassafe zuwa masallacin Azhar, da takunkumi a fuska saboda tari, da tsohuwar farar hula. Ba wanda ya ga fitata. Hulata mai ruwan lemo, wadda duk unguwa ta san ni da ita, na bar ta a kan ƙusa.

Abin da ya faru bayana, Sagiru ne ya ba ni labarinsa, kuma na gwada shi da bidiyon mutane da dama.

Hajj Osama ya dawo daga ƙauye, ya kafa kujerarsa a ƙofar gida. Ba wata hanyar fita sai gabansa. Husam ya ce wannan ƙaramin abu ne ga mai basira. Ya lulluɓe gogen da koren bargona. Ya ɗauki hulata ya cusa a kan wuyan, wai kada bango ya karya masa kunnuwan ɗaure tsirkiya. Suka kwantar da shi suka ɗora a kafaɗa, su uku, cikin baƙaƙen kaya da baƙin tabarau.

"Kada wanda ya yi murmushi," in ji Husam. "Ku wuce shi kamar katifa kuka ɗauko. Yalla, mu tafi."

Suka fito. Hajj Osama ya ga doguwar akwati, koren mayafi, hular mutumin da ya kwana biyu yana jinya a ɗore a wajen kai, yadda dattawan garin nan suka san ana yi wa makarar namiji. Ya miƙe har kujera ta faɗi.

"La ilaha illallah! Ustaz?"

Idan Husam ya ce goge ne, kayanmu suna titi. Sai ya sunkuyar da kai. Karkar kuwa ya narke yana gangarowa ta ƙarƙashin tabarau. Hajj Osama ya fashe da kuka, ya sa kafaɗarsa a kusurwa ta huɗu, ya ɗaga murya ya ce, "Wahhidu!" Titi gaba ɗaya ya amsa da kalmar shahada.

A garin nan ba a ganin gawa ta wuce a ci gaba da zama. Kowa sai ya tashi ya ɗauke ta ko da taku kaɗan ne, ko ya san mamacin ko bai san shi ba. Mai aski ya bar mutum da kumfa a fuska. 'Yan tuktuk, masu keken haya mai ƙafa uku, suka kashe kiɗa suka sauko. Wanda ya iso sai ya taɓa kafaɗar na gabansa ya karɓe shi, shi ma a karɓe shi. Kafin a kai shagon mahauci, Zakarun Nilu suna can baya suna leƙen gogensu ta saman kawunan mutane.

"Husam, ka ji tsoron Allah, ka yi magana," in ji Sagiru. "Sallah fa za su yi wa katako!"

"Yi shiru. Ka taɓa ganin albam da ya tara jama'a haka? Mu'tasim, ɗauki bidiyo."

Aka iso mararraba. Gidan shayi yana hagu, masallaci yana dama. Husam ya fara tsalle yana ihu, "Hagu, jama'a! Hagu!"

Wani tsoho ya rungume shi. "Miskin, baƙin ciki ya taɓa masa kai. Gidan shayi yake so a kai kawunsa."

Aka yi dama. Mutanen da aka gayyata gidan shayin ma suka fito suka bi gawa.

Awadiyya tana dawowa daga wurin ƙunshi ta hango bargon. Ta san abin da ke ƙarƙashinsa. Ta zabura da gudu za ta ƙwato shi, mata suka tare ta, suka rungume ta suna kururuwa, wannan ta toshe mata baki da ƙirji, waccan ta yayyafa mata ruwa.

Daidai nan na sauka daga mikrobas. Na ga jana'iza mai cika titi, na ce wannan bawan Allah ya yi mutane. Na yi abin da kowane Musulmi zai yi, na kutsa na sa kafaɗa ta baya. Na ji ba nauyi, na ce a raina ciwo ya cinye shi.

"Wane ne ya rasu?" na tambayi na gefena, wani da ban sani ba.

"Wani malamin makaranta ne ɗan Sudan."

"Allahu akbar. Mutumin kirki ne?"

"An ce ko sallama ka yi masa sai ya gyara maka ita. Allah dai ya yi masa rahama."

Mai aski yana gabanmu, ya juyo ya ce, "Bai taɓa tashi daga kujerata bai nuna mini inda na karkace ba."

Ya karkace ɗin ne, kowane lokaci, ta gefen hagu. Ina shirin faɗa masa na ɗaga ido na ga hulata tana tafe a gaba tana rangaji. Kafin na buɗe baki wani ya taɓa kafaɗata ya karɓe ni, jama'a suka tura ni baya. Sai da na yi ta kutsawa da gwiwar hannu kafin na isa ƙofar masallaci.

A can na tarar da Hajj Osama tsaye a gaban Awadiyya, hawaye har gemu, hannu a sama. Abin da ya faɗa da kunnena na ji shi.

"Ku shaida, ya jama'a! Mutumin nan ya zauna a gidana bai taɓa cutar da ni ba. Na sa masa yatsa a ƙirji saboda tattabaru, ya tafi ban nemi gafararsa ba. Wallahil azim, 'yarsa ba za ta bar shaggar nan ba muddin ina numfashi, kuma ba mai ƙara mata haya!"

"Mun shaida!" in ji jama'a. "Allah ya saka maka, ya Hajj!"

Awadiyya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta bar shi ya gama rantsuwarsa. Wasu suna zarginta da wannan. Ni na koya mata kada ta katse babba yana magana, ni ma ban katse shi ba.

Aka zo sauke gawa. Na gaba suka riga na baya, akwati ta bugi ƙasa, sai ta ce duuum, da wata murya mai kauri da ta ratsa cikin kowa. Sahun gaba ya ja da baya. Liman da ya fito yana gyara rawani ya tsaya cak. Sai wayar birki ɗaya ta tsinke, ta fyaɗi bargon daga ciki, hulata ta yi tsalle ta faɗo ƙasa.

Na matsa na ɗauke ta, na kakkaɓe, na sauke takunkumi na ce, "Wannan tawa ce."

Mai aski ya bar takalmansa a wurin, har yau bai dawo ya ɗauka ba. Mata suka saki Awadiyya suka bi lungu. Hajj Osama ya zauna daɓas a ƙasa yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Mutumin nan da ban sani ba ya matso, ya yi mini sallama a hankali, harafi bayan harafi.

Liman ya yaye bargon. Ga akwati, ga wayoyin birki, ga suna da jan fenti, Zakarun Nilu. 

Nan take Husam ya haye matakalar masallaci, ya gyara abin da ya rage na zankonsa.

"Jama'a, alhamdu lillahi Kawu yana nan da ransa. To tunda Allah ya tara mu, ina farin cikin gabatar muku da albam ɗinmu na farko, wanda ya haɗa rokabili da..."

Ya tayar da gogen tsaye, ya ɗaga hannu ya mare shi don a ji. Wuyan ya cire ya biyo hannunsa, akwatin ya kife a ƙafar mahauci.

Ƙofar masallaci ba ta rasa takalma. Na farko da aka jefi Husam da shi daga mahauci ya fito, sauran ba a san masu su ba. Husam ya ruga da wuyan goge a hannu, Mu'tasim a bayansa, wayar da albam ɗin gaba ɗaya yake ciki ta suɓuce ta faɗa kwatar alwala. Sagiru ya cire tabarau ya shige sahu, ya yi la'asar kamar bai taɓa ganin ganga ba. Yanzu Husam yana kwana a shagon Mu'tasim a Ataba, yana gaya wa masu kawo gyara cewa ranar ƙaddamar da albam ɗinsa unguwa guda ta rufe shaguna. Abin takaicin, ban iya ƙaryata shi ba.

Washegarin jana'izar Hajj Osama ya sauko ya tsaya a ƙofata.

"Ƙarshen wata, ya Ustaz. Ku nemi wani wuri."

"Rantsuwar jiya fa, ya Hajj?"

"Don mamaci na yi ta."

"Da Allah ka rantse, a ƙofar ɗakinsa, a gaban liman. Kuma ka ce ban taɓa cutar da kai ba."

"Jiya kenan. Ban san za ka dawo ba."

"Ban je ko'ina ba sai Azhar."

"Kafaɗata har yanzu ciwo take, na ɗauki ƙofar banɗaki tun daga nan har masallaci ina kuka a gaban abokin gasata! Kana son alkawarin? To ka mutu, ya Ustaz, ka ga ko ban cika ba."

Ya juya ya hau sama.

Ga buƙatata. Ban ɗauko goge ba, ban lulluɓe shi ba, ban ce wa kowa na mutu ba. Bargona aka ɗauka, hulata aka ɗauka, sunana aka ɗauka aka zagaya unguwa da shi, kuma ni da 'yata ne za mu kwana a titi. Na yi magana da liman, ya ce idan shaidu suka taru zai kira Hajj Osama ya tuna masa abin da ya rantse a kai. Saboda haka duk wanda ya ce "mun shaida" a ranar, ya zo ƙofar masallacin nan ranar Juma'a bayan la'asar ya maimaita. Mahauci, 'yan tuktuk, mai burodi, tsohon mararraba, da mai aski, wanda zai iya ɗaukar takalmansa a lokaci guda. Husam ma ya zo, da kai a aske, ya ba Hajj Osama haƙuri a kan tattabarunsa.

Kada wanda ya ce mini ba shi da lokaci. Kun rufe shaguna kun bi katako da wayar birki har ƙofar masallaci kuna kuka. Wannan karon ba sai kun ɗauke ni ba, da ƙafata zan zo.